Ba hannunka ba ne, ƙarfen ne bai gama nuna ba

Ƙanena, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce ka yi waldar FSW (wadda kan inji mai juyawa ke yi da gugar ƙarfe ba tare da narkar da shi ba) a kan farantin 2198-T8 (alminiyam mai haɗin jan ƙarfe da litiyam, T8 kuma yanayinsa ne bayan an miƙar da shi an gasa ya yi ƙarfi), ka auna taurin tsakiyar waldar, bayan sati biyu ka sake aunawa lambobin suka hau, SEM (madubin lantarki mai duba saman samfur) kuma bai nuna maka komai ba, har ka fara zargin kanka. Daina. Abin da ya same ni ke nan a shekarata ta biyu ta digiri na uku, nawa a kan ɗan uwansa 2195.

Ranar ba za ta fita daga raina ba. Muna taron mako, mutum shida a ɗakin, mai duba aikina ya haska zanen awona na kwana biyu da walda, ya jera shi da na sati uku, ya tambaye ni wanne ne na gaskiya, wanne na zauna a ɗaki na ƙirƙira. A gaban ɗalibai 'yan bayana! Bakina ya mutu. Mai kula da injin awon yana gefe yana murmushi, shi da ya riga ya kai gulma cewa ban iya goge samfur ba. Na fita na shiga bayi na yi kuka, ga azumi a bakina, ga sanyin ƙasar mutane. Wata uku na yi ina sake gogewa ina sake aunawa har fatar yatsuna ta saɓule. Da gaskiya ta fito, mai duba aikin nawa ko "yi haƙuri" bai ce ba, sai ma ya sa zanen a laccarsa kamar shi ya gano. Na yafe, amma har gobe abin na ci mini rai.

Ga abin da ke faruwa. Zafin tsakiyar walda yakan kai digiri 400 zuwa 500. Ƙarfen bai narke ba, amma faya-fayen T1 (siraran faya-fayen haɗin alminiyam, jan ƙarfe da litiyam) da suka ba T8 ƙarfinsa sun narke cikin alminiyam kamar gishiri a miya. Wurin ya huce da sauri, jan ƙarfe da litiyam ba su samu damar fitowa ba. To, samfurin yana kan teburinka suna taruwa a hankali, ƙananan dunƙulensu da ake kira GP da δ′ na tsirowa, tauri na hawa kwana bayan kwana. Don Allah rubuta ranar walda a jikin kowane samfur, kuma kada ka haɗa awon kwanaki daban a zane ɗaya. In kana son yanayin da ya fito daga inji, jefa shi firiza nan take.

SEM kuwa, kar ka ƙara ɓata kuɗinka. Kaurin faifan T1 bai fi nanomita ɗaya da 'yan kai ba, EDS (na'urar gano sinadarai da ke jikin SEM) na yau da kullum kuma ba ya ganin litiyam sam. TEM (madubin lantarki mai ratsa siririn samfur) za ka nema, ka duba ta kusurwar jerin atam da ake kira <110> inda faya-fayen ke tsayawa a gefensu kamar allurai. In layin TEM ya yi tsawo, fara da DSC (awon zafin da samfur ke sha ko fitarwa yayin ɗumama shi), ni shi ya cece ni.

Kuma ka riƙa barci, ka riƙa kiran gida. Ni ɓoye wa mahaifiyata na yi, ashe tana ji a muryata.

Af, kada tsakiya ta ɗauke maka hankali daga gefuna. Zanen tauri daga gefe zuwa gefe na walda siffar W yake yi. Ƙasan W ɗin nan, wajen iyakar TMAZ (inda zafi da murɗa suka taɓa) da HAZ (inda zafi kaɗai ya taɓa), can T1 ya yi kauri, wani ya narke rabi, kuma jira ba ya gyara shi sosai. Nawa samfuran can suka riƙa tsinkewa. In an ce ka sake gasa shi a wajen digiri 155 bayan walda, gwada, amma kar ka sa ran komawa T8 cif. T1 a kan dislokeshan (layukan karkacewa a jerin atam) yake son tsirowa, shi ya sa ake miƙar da farantin kafin gashi, tsakiyar walda kuwa sababbin ƙwayoyi ne ƙanana, dislokeshan ɗinsu kaɗan. Na taɓa kai nawa sama da digiri 500 don in fara daga farko, ƙwayoyin suka kumbura har ido na ganinsu bayan ruwan Keller (ruwan asid mai fito da ƙwayoyin alminiyam).

Turo mini saurin juyin kan injin da saurin tafiyarsa, da kaurin farantin, in duba maka bayan isha'i in Allah ya yarda.