Vegemite da aka kawo mana tsaraba daga Ostireliya: yaya ake cinsa, kuma da gaske yana ƙara jini?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ƙanin mijina da ke karatu a Melbourne ya zo hutu, ya kawo mana wani baƙin abu mai kauri a kwalba mai murfi rawaya, an rubuta Vegemite a jiki. Ya ce a burodi ake shafawa. Na lafta wa yara kamar yadda nake musu da cakuleti, ba wanda ya iya haɗiyewa. Sai maƙwabciyarmu ta ga an rubuta bitamin B a kwalbar, ta ce ai maganin ƙarin jini ne na Turawa. Ni kuma makona uku da haihuwa, an ce jinina ya yi ƙasa. Yanzu ina dama babban cokali a ruwan zafi safe da dare, Hajiya mahaifiyar maigidana ma tana sha, ga shi tana da hawan jini. Kwana biyun nan ƙafafuna sun kumbura, kaina na sarawa. Wata kuma ta ce min daga giya ake yinsa. Hankalina ya tashi. Yaya ake cinsa, kuma na cutar da kaina ne?

Wata mai jego, Kano

AMSA

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya abin da aka samu. Kafin komai, ki ajiye cokalin nan, Hajiya ma ta ajiye, kuma yau ɗin nan ki je asibiti a auna miki hawan jini a duba fitsari. Kumburin ƙafa da sarawar kai ga matar da ba ta yi arba'in ba abu ne da ba a kwana da shi. Hawan jinin da ke tare da juna biyu yana iya tasowa bayan an sauka lafiya, har zuwa mako shida. Ba na cewa Vegemite ne ya jawo miki, sai an duba za a sani. Amma idan kika ga dishi-dishi, ko numfashi ya fara yi miki wuya in kin kwanta rigingine, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa.

Batun yadda ake cinsa mai sauƙi ne, kuma ƙanin mijinki ya faɗi gaskiya, sai dai bai nuna miki awo ba. Mutanen Ostireliya suna gasa burodi, su shafa bota da yawa tun yana da zafi har ta narke ta shige cikinsa, sannan su ɗan lakato Vegemite da bakin wuƙa su goga sama-sama, yadda za ki riƙa hango burodin ta ƙarƙashi. In burodin ya yi baƙi ƙirin, an yi ɓarna. Awon da kamfanin ya rubuta na ci ɗaya giram 5 ne, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma wanda bai saba ba rabin haka ma ya ishe shi. Wasu na ɗora yankan cuku a kai su mayar wuta ya narke, wasu fiya da aka dame, wasu dafaffen ƙwai ko yankan tumatir. Ana shafa shi a busasshen biskit marar zaƙi, ana kuma naɗe shi da cuku a cikin kwaɓin fulawa a gasa, yaran makaranta su tafi da shi. Matan gida kuma kan jefa ɗan kaɗan a romon nama ko miyar da ake so ta yi duhu ta yi ɗanɗano. Ni a nan na fi ganin amfaninsa a gidanki: ki ɗauke shi kamar daddawa, abin da ake sa wa tukunya kaɗan don ta tashi, ba abin da ake zama a sha ba. In kin sa shi a farfesu, ki rage dunƙule da gishiri daidai gwargwado.

Maganar giya kuwa, ga yadda take. A 1922 wani masanin haɗa sinadarai mai suna Cyril Callister ya ƙirƙiro shi wa kamfanin Fred Walker a Melbourne, aka fara sayarwa a 1923, kuma tun lokacin daga ragowar yis ɗin kamfanonin giya ake yinsa. Ana fasa ƙwayoyin yis ɗin, a tace, a dafe har ya yi kauri, a zuba gishiri da sauran kayan ɗanɗano. Abin da ke cikin kwalbar ba ya sa maye, yis ɗin ma matacce ne, kuma kayan yana da takardar shaidar halal daga hukumar musulmin Ostireliya. Fatawa ba fagena ba ce. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malaminki, ko ki bar shi, ba abin da za ki rasa.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai, wato zancen ƙarin jini. Kusan kullum sai na gamu da shi a wurin aikinmu na kiwon lafiya, kayan ne kawai ke sauyawa. Jiya maltina da madarar gwangwani ne, shekaranjiya tumatirin leda a cikin lemon kwalba, gobe zoɓo saboda ja ne, yau kuma Vegemite saboda baƙi ne kuma daga ƙasar waje ya zo. An ɗauka duk abin da ya yi duhu ko ja, jini ne a kwalba. Daga an ga kalmar bitamin a jikin kaya, shi ke nan, maƙwabciya ta zama likita, a tura a WhatsApp, kafin la'asar unguwa ta ɗauka.

Mu duba kwalbar da kyau. Gaskiya ne akwai bitamin B1, B2, B3 da folet a ciki, kuma folet na cikin abin da jiki ke buƙata wajen ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Amma mafi yawan ƙarancin jinin da muke gani ga masu jego a nan daga rashin sinadarin ayon, wato ƙarfe, yake, da jinin da aka zubar wajen haihuwa, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, wasu kuma sikila. Vegemite ba abincin ayon ba ne. Na asalin ma babu B12 a cikinsa, sai a samfurin da aka rage wa gishiri aka ƙara. Folet ɗin kuwa da ake ta kururutawa, ƙwayar folik asid da ake ba ki a wurin awo, wadda ita ma folet ce, ta fi shi yawa, kuma ba ta zuwa da gishiri ko kaɗan.

Gishirin shi ne matsalar. A kowane giram 100 na Vegemite akwai sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wajen miligiram 3,300, wato gishiri sama da giram 8. Wanda ya goga giram 5 a burodi ya ci miligiram 165, ba laifi. Ke kuma babban cokali kike cikawa, wanda ba zai gaza giram 20 ba, wato miligiram 660. Safe da dare ya zama 1,320. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a yini, daidai da giram 5 na gishiri. Kin ga kin cinye kusan kashi biyu cikin uku na rabonki kafin ki taɓa tuwo, kafin dunƙulen da ke cikin miya, kafin yajin jego, kafin kunun kanwa in ana dama miki. Kanwa ma sodiyam ce, mutane ba sa lissafa ta saboda ba ta da ɗanɗanon gishirin girki. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya da ke kama matan Hausawa bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan bayan waɗannan, amma ba wani likitan zuciya da zai ce miki a ɗura wa mai jego gishiri safe da dare.

Ita kuma Hajiya, ana ba ta ƙwayar hawan jini da hannun dama, ana warware aikinta da hannun hagu. Irin haka ne sai a koma asibiti a ga awo ya ƙi sauka, likita ya ƙara magani, ba wanda zai buɗi baki ya ce ga abin da ake sha a gida, don ba a ɗauke shi magani ba, kuma ba a ɗauke shi abinci ba. Ki gaya mata da lafazi mai daɗi, ko ki sa ɗanta ya gaya mata, na san ba kowace magana suruka ke iya faɗa ba. Ranar da za ta koma ganin likita a tafi da kwalbar.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin gaskiyar yana nan, kuma ba shi da tsada. Gwajin PCV, na auna yawan jini, minti kaɗan ne. Ƙwayar ayon ta Fersolate da folik asid kusan kowace ƙaramar asibiti akwai su. Amma sai mace ta sha kwana uku, ta ga bayan gida ya yi baƙi ko cikinta ya ɗaure, ta watsar, ba wanda ya zaunar da ita ya ce mata haka maganin yake yi, kuma watanni ake sha ba kwanaki ba. Laifin nan har da mu ma'aikata, da ke miƙa ƙwaya ta taga ba bayani. Daga nan sai mai kemis ya sayar mata da tonik mai zaƙi, ko maƙwabciya ta kawo nata ilimin. Ki sha abin da aka rubuta miki, kada ki haɗa shi da shayi don shayi na hana ayon shiga jiki, ki bi shi da lemon zaƙi ko gwaiba. A abinci ki nemi hanta, jan nama, kifi, wake, zogale da alayyahu.

Jaririn kuma kada a lasa masa, ko da wasa. Nono zalla har wata shida, kuma kafin ya shekara ba a sa wa abincinsa gishiri, ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. Manyan yaran za su iya cin 'yar shafa a burodi in suna so.

Bayan masu hawan jini da ciwon ƙoda ko zuciya, akwai wasu da ya kamata su yi hattara. Mai ciwon gaɓoɓin nan na gaut, saboda duk abin da aka tato daga yis yana ƙara yurik asid, sinadarin da ke tayar da ciwon. Wanda jikinsa ba ya karɓar alkama da sha'ir, don na asalin akwai su a ciki. Sai mai shan tsofaffin magungunan ciwon damuwa na rukunin MAOI, wanda haɗa su da irin wannan abinci kan sa jini ya hau farat ɗaya. Duk wanda ke cikin waɗannan ya tambayi likitansa tukuna.

In kin je asibiti, ki faɗa musu cokali nawa kike sha da ranar da kika fara, kuma ki ce a auna Hajiya ita ma tunda kun zo. Allah ya ƙara sauƙi.