Firosesa Biyu a Kwamfuta Ɗaya

Tambaya: Malam, ina haɗa bidiyon biki a Garwa, kwamfutar teburina kuma tafiyar hawainiya take yi. In sayi firosesa (na'urar da ke yi wa kwamfuta lissafi) na biyu in ƙara mata? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, buɗe akwatin kwamfutar ka duba babban allon da ake dasa firosesa a kai. Gurbi ɗaya za ka gani, kuma firosesoshin gida irin su Core i5 ko Ryzen ba a ƙera su don aiki bibbiyu ba. Masu yin haka su ne firosesoshin Xeon da EPYC, a manyan injina irin HP Z820 mai ɗaukar Xeon biyu. Dole firosesoshin biyu su zama iri ɗaya sak, kowanne da nasa RAM, wato ma'ajiyar da ke riƙe aikin da ake cikin yi. Windows Home ma firosesa ɗaya kawai take gani, sai Windows Pro ce ke ganin biyu.

Ni dai ban ba ka shawarar sayen inji mai firosesa biyu ba. Injin nan wuta yake sha, ga zafin Afrilu a Garwa da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka. In aka ɗauke wuta, ƙaramin batirinka ba zai riƙe shi ba.

Ga mafita: tun 2005 ake cusa ƙwaƙwalwa (core) biyu cikin firosesa guda na kwamfutocin gida, yau har 16 ana samu. Nemi mai ƙwaƙwalwa 8, ka sa SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri), ka kai RAM giga 16.