Hular jariri kafin suna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina son saƙa wa jaririn ƙanwarki hula da safa kafin suna, ga shi kwarashi kaɗai kika iya. To ki tsaya a kansa, kwana bakwai ba za su ishe ki koyon tsinke biyu ba.

Ki nemi ulu mai laushi, ki goga shi a wuyanki tun a shago. In ya yi miki ƙaiƙayi, bar shi. Takardar jikin ƙullin tana nuna kwarashin da ya dace, yawanci milimita 3 zuwa 4. Kewayen kan sabon jariri wajen santimita 34 ne, kada ki matse bakin hular. Don Allah ban da duwatsun ado, yaro na iya haɗiyewa.