Mintuna biyar na farko a aji

Ɗana, ka ce kana shiga aji da tsarin darasinka a hannu, amma sai ka cinye minti goma kana cewa a yi shiru, har ƙwarin gwiwarka ya tafi. Ka tambaye ni yadda ake fara darasi. To, saurara.

Kada ka ɗaga murya a kan hayaniya. Duk ranar da ka yi magana yara suna surutu, ka koya musu cewa ana iya haɗa surutu da maganar malam. Idan da hali, ka riga su isa, ka tsaya bakin ƙofa, ka gaishe su, wanda ka san sunansa ka kira shi da shi. Kafin su zauna kuma, su tarar da aiki a kan allo: tambayoyi uku ko huɗu daga darasin da ya gabata, masu sauƙin da kowa zai fara rubutu ba sai ya tambaye ka ba. Hannun da ke riƙe da biro ba ya tsokanar na kusa da shi. Suna cikin rubutu kai kuma ka cika rajista da ido, kana zagayawa tsakanin kujeru.

Akwai dalilin da ya sa na ce daga darasin baya. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya ta rage sauri. Yaron da ya gane jiya, yau da safe wani abu ya zube masa. Barak Rosenshine, masanin koyarwa a Amurka, ya ba da shawara a 2012 cewa a buɗe darasi da bitar minti biyar zuwa takwas. Ni na ga amfaninta da idona: a nan kake gane wanda ya ɓace tun kafin ka ɗora masa sabon kaya.

Wurin da sababbin malamai suka fi yin tuntuɓe shi ne lokacin karɓar amsa. Mary Budd Rowe, masaniyar koyarwa a Amurka, ta bincika azuzuwa a farkon shekarun 1970, ta ga malamai ba sa jira fiye da daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku, amsoshi suka yi tsawo, yara da yawa suka shiga magana. Ka yi tambaya, ka ƙirga uku a zuciyarka, sannan ka kira suna. Shirun zai yi maka nauyi da farko. Ni a shekarata ta farko tsoron shirun nan ya sa nake amsa wa kaina tambayoyina, yaran baya kuwa suka daina ɗaga hannu har ƙarshen zango. Har yau abin yana damuna.

Bayan bita, faɗa musu a jimla ɗaya abin da za su iya yi kafin a kaɗa ƙararrawa, ka shiga darasi.

Ka riƙe wannan tsari kullum na mako biyu ba tare da canji ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da daddare ka rubuta tambayoyinka huɗu, ka kawo mini in duba da safe. Zan zauna a bayan aji gobe, ba zan ce uffan ba sai mun fito.