Birkila ya faɗo daga gini, ɗan kwangila ya ce laifin birkilan ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena birkila ne, ya faɗo daga bene hawa na biyu a wurin aiki, ya karye a cinya. Ɗan kwangilar ya biya kuɗin asibiti na ranar farko, daga nan ya zame. Wai yaron bai ɗaura bel ɗin tsaro ba, kuma ai aikin yini yake yi. Yana da haƙƙin diyya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Allah ya ba shi lafiya.

A yawancin dokoki, maganar bel ba ta rushe haƙƙinsa. Tun dokar inshorar haɗarin aiki da Jamus ta kafa a 1884, tsarin diyyar ma'aikata ba ya neman mai laifi. Abin dubawa shi ne ko raunin ya same shi a bakin aiki. Akan hana diyya ne idan mutum ya ji wa kansa da gangan, wasu dokokin kuma sun haɗa da maye.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun aikin yini, domin babu takardar ɗaukar aiki. Don haka ku tara shaida tun yanzu: littafin da ake rubuta sunayen leburori kullum, saƙon shigar kuɗi a waya, hoton katakon da ya zame daga kai, da sunayen abokan aiki biyu da suka gani da ido. Wurin gini ba ya jira, bayan mako guda an kwance katakon, ma'aikata sun watse.

Ku sanar da ɗan kwangilar a rubuce, da rana da lokaci, ku riƙe kwafi. Kowace doka tana da wa'adi, kuma jinkiri kaɗai yakan kashe magana. Likita ya rubuta ƙarara cewa a wurin aiki ya faɗo. Idan fayil ya ce “faɗuwa” kawai, kamfanin inshora zai fake da wannan. Rasit ko na bandeji ne a adana.

Diyya ta wuce kuɗin magani. Yarjejeniya ta 121 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1964, ta sa ma'aunin kashi 60 cikin ɗari na albashi ga magidanci mai mata da 'ya'ya biyu muddin yana jinya, kodayake kowace ƙasa da nata lissafin.

Kada ya sa hannu a takardar sulhu kafin ƙashin ya haɗe. Sai an cire filasta likita zai auna ko ƙafar ta gajarta ko gwiwa ta ƙi lanƙwasa, kuma ga mai hawa tsani da bulo wannan ne babban kason diyyar. Idan ɗan kwangilar ya ƙi, ku kai takardunku ofishin ƙwadago, ku ambaci babban kamfanin da ya ba ɗan kwangilar aikin.