Cinikin biri a sama: yadda na rage oda a manyan shagunan intanet

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Na karanta tambayarki tun daren jiya, inda kika ce kin saba yin oda a Amazon ta hannun masu haɗo kaya daga Amurka, da kuma manhajojin sayayya na nan gida, amma yanzu zuciyarki ta fara ƙi saboda abin da kike ji game da ma'aikatansu, ga kuɗi na zurarewa, kina so ki rage amma kina tsoron wahala. Na ga wasu sun ce ki goge komai yau ɗin nan, wasu kuma sun ce ba ruwanki da abin da ake yi a wata ƙasa. Ni dai ban bi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Shekara biyu ke nan da na rage, bari in ba ki abin da na gani da idona. Ki yi haƙuri, zai ɗan yi tsawo.

A Jos nake, malamar makaranta ce ni, yarana huɗu. Lokacin kullen korona na 2020 na fara oda, kuma a lokacin ta yi min rana, don ba fita ake yi ba. Matsalar ita ce kulle ya wuce amma hannuna bai daina ba. In na kwanta bayan isha'i sai in buɗe waya, wai in duba farashin abu ɗaya. Sai in ga agogo yana ƙirgawa, saura minti tara rangwame ya ƙare. Sai a ce in ƙara kayan dubu uku za a kawo min kyauta. Kafin in yi barci na sayi abu huɗu, alhali ɗaya na shiga nema, wata rana ma ɗayan ban saya ba.

Abin da ya fara farkar da ni shi ne lissafi. Kuɗin makarantar yara ya taso muka rasa ciko, sai na nemi banki su turo min bayanan asusuna na wata takwas. Na zauna da biro da littafi ina ware duk abin da ya tafi wajen oda. Dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Na tashi na zaga gida ina neman kayan. Na ga mayankar albasa da ba a taɓa fitarwa daga kwali ba, da takalman yara biyu da suka zo sun yi kaɗan, da labulen da a hoto ruwan zuma ne amma ya iso ruwan ɗorawa, da fitilar caji da ta mutu a sati na biyu. Abin da ake amfani da shi kullum bai kai rabi ba. Ranar na yi kuka, don albashin malami kin san ba a tsinto shi.

Ke da kike saye da dala, lissafinki ya ma fi nawa zafi. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Bayan an saki naira, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kayan dala talatin da a da bai kai dubu goma sha huɗu ba, ya koma dubu arba'in da biyar, tun kafin mai haɗo kaya ya auna kilo ya faɗi nasa, tun kafin kwastan. Sannan ki kula da kayan wuta. Na Amurka akasari an yi su ne don wutar 110 zuwa 120, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce. Wata maƙwabciyata an aiko mata da injin markaɗe mai tsada, tana sa shi a soket ya yi ƙara ɗaya, hayaƙi ya tashi. Wa za ta mayar wa? Kuɗin mayarwa ya fi kuɗin injin.

To amma ba kuɗi ne ya sa na yanke shawara ba. Wani yaro ne mai kawo kayan oda.

Cikin Disamba ne, kin san sanyin Jos, irin wanda ruwan randa ke yanka hannu. Ya kira ni ya fi sau biyar don layinmu babu lambar gida, ni kuma ina aji na sa waya a shiru. Da na dawo wajen la'asar na tarar da shi tsugune a ƙofar gida, buhu a gefensa cike da ƙullin kayan mutane, leɓensa duk ya tsage, rigar jikinsa shara-shara. Ba zai wuce shekara ashirin ba, sa'an ɗan yayata. Na ce me ya sa bai tafi ya dawo gobe ba? Ya ce, "Mama, in ban miƙa ba ba a lissafa min." Na sa aka kawo masa shayi, yana sha yana ba ni labari: a kan kowane ƙulli ake biyansa, kuɗin keke daga aljihunsa, in mai kaya ya ce ya fasa ko bai ɗaga waya ba, tafiyar ta tashi a banza. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don shi ma ya ce ba su ne suka ɗauke shi kai tsaye ba, wani ne ya karɓi kwangila ya ɗebo su. Kin san abin da ke cikin ledar da ya yi awa biyu yana jira ya ba ni? Kwanson waya da maƙalen gashi guda shida. A kan waya an rubuta min "kawowa kyauta". Tun ranar na san babu wani kyauta, akwai dai wanda ya biya, kuma ga shi a ƙofar gidana yana rawar sanyi. Muna karanta hadisin a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, amma ban taɓa kawo kaina cikin maganar ba sai ranar.

Abin da kika ji game da Amazon kuwa ba jita-jita ba ne duka, akwai wanda ke rubuce a fili. Jeff Bezos ya kafa shi a 1994 yana sayar da littattafai, yau ma'aikatansa sun haura miliyan ɗaya. A 2021 kamfanin da bakinsa ya amsa cewa direbobinsa kan rasa wurin zagayawa har su yi a gora. A shekarar ne kuma gidan talabijin na ITV ya nuna yadda ake lalata sababbin kayan da ba a sayar ba a wani rumbunsu da ke Dunfermline a Sikotland. A Afrilun 2022 ma'aikatan wani rumbu a Staten Island ta New York suka yi nasara a ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago, karo na farko da hakan ya yiwu a rumbunansa na Amurka. A farkon 2024 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin tarar reshensa mai kula da rumbuna saboda bibiyar ma'aikata fiye da kima ta na'urar da ke hannunsu, wadda ke ƙirga har ɗan tsayawar da mutum ya yi. A Satumbar 2025 kuma ya yarda ya biya dala biliyan biyu da rabi don sasanta ƙarar da hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta kai shi, kan sa mutane cikin tsarinsa na Prime, wanda ake cire wa mutum kuɗi duk wata ko shekara, ba da cikakken saninsu ba da wahalar da su wajen fita. Saboda haka in zuciyarki ta ƙi, tana da hujja. In ma kina da Prime ta asusun wani ɗan uwa a can, ki duba ko ana ta cirewa duk wata.

Duk da haka shawarata ita ce kada ki yi rantsuwa. Na yi, na goge manhajoji duka a dare ɗaya, bayan sati uku na mayar da su na yi odar da ta fi ta da. Abin da ya yi min aiki a karo na biyu ƙanana ne. Na cire katina daga ciki, yadda duk lokacin da zan biya sai na tashi na ɗauko jaka na shigar da lambobi. Wannan tashin kaɗai ya kashe rabin sha'awar dare. Na kashe saƙonnin talla. Sannan na ware shafi a bayan littafin cefane: duk abin da raina ya biya sai in rubuta da kwanan wata, ba zan taɓa shi ba sai ya kwana uku. Yawanci in na dawo kan shafin sai in rasa ma dalilin da ya sa na rubuta. Wanda ya tsira bayan kwana uku, shi nake tambayar kaina: akwai shi a Jos?

Kusan kullum akwai. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002 'yan kasuwarmu suka watsu, wasu a Ahmadu Bello Way, wasu a lunguna, wasu a bakin titi, har yau da yawansu ba su koma daidai ba. Sai na lura shekara huɗu ina wuce su a keke ina tura kuɗina inda ban san kowa ba. Yanzu kayan kicin da na gida a wajen Terminus nake saye. Rigunan sanyin yara da barguna, Katako wajen 'yan gwanjo, in ɗaga in duba ɗinki da hammata da zif da hannuna. Takalmin makaranta da jaka na koma wajen masu aikin fata na Naraguta, takalmin babban ɗana shekara biyu ke nan, sau ɗaya aka sake masa ƙasa. Atamfa da shadda kuwa wata 'yar uwa ce a Kantin Kwari ke nuna min ta bidiyo, in zaɓa, ta ba direba, in karɓa a tashar Bauchi Road. Ita ma ai ta waya ce, amma na san gidansu, ta san nawa.

Wannan sanin shi ne abin da ban gane na yi asara ba sai da na dawo. Akwai wani dattijo da nake sayen kuloli da fulas a wajensa. Na sayi fulas ɗin shayi, kwana goma ya daina riƙe zafi. Na kai masa ba rasit, ba kwali. Ya buɗe, ya kara bakin a kunnensa ya saurara, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan ya sha iska, laifin kaya ne." Ya miƙo wani, ya sa yaronsa ya karɓo ruwan zafi wajen mai shayi aka zuba, ya ce in je in gama cefanena in dawo mu taɓa. Na dawo bayan awa ɗaya, ruwa na tururi, sannan ya ce in tafi da shi. Da azumi ya matso kuɗina bai kai na babbar kula ba, ya ce in ɗauka in kawo ciko ƙarshen wata. Ki gwada wannan da fitilar cajin da na ce miki ta mutu: na yi ta rubutu a manhaja ana ba ni amsa iri ɗaya, har kwanakin mayarwa suka cika aka rufe maganar. Iyayenmu da suka ce ba a cinikin biri a sama sun san abin da suke faɗi.

Ba zan ce miki kasuwa duk mutanen kirki ba ne. Akwai jabu, akwai mai ganin shigarki ya ninka farashi, akwai mai rantsuwa a kan ƙarya. Ni ma an taɓa sayar min da cajar waya ta bogi a bakin titi. Ga cin lokaci: Asabar ɗina guda takan tafi. Kuma na san a cikinmu akwai wadda ba ta samun fita, akwai mai jego, akwai mai jinya, akwai wadda aiki ba ya barinta. Irin waɗannan oda rahama ce gare su, kada wanda ya sa su jin sun yi laifi. Haka nan yawancin kayan da ke kan manyan shagunan nan ba na kamfanin ba ne, na ƙananan 'yan kasuwa ne da ke biyan la'ada a kan kowane ciniki. Na sha ganin kaya a manhaja, in duba sunan shagon, in same su kai tsaye, farashin ya sauko don babu la'adar. Sai dai a nan ki yi hattara, kada ki tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda ba wanda ya san shi. Ki nemi wanda ya taɓa saye a wajensa, ko ki ce sai kaya sun iso.

Har yanzu ina oda, amma bai fi sau uku ko huɗu a shekara ba. Na'urar awon hawan jini ta mahaifiyarmu a intanet na saya, don na zaga ban sami irin wadda likita ya ce ba. Wasu littattafan koyarwa ma haka. In zan yi, nakan tara su su zo a tafiya ɗaya, in tabbata ina gida ranar, wayata a buɗe, in kuma ba ɗan aiken kuɗin keke a hannunsa ko da an ce an riga an biya. In kaya ya zo ba daidai ba ina ɗaukar hoto tun a gabansa, in kuma aka ƙi saurarona akwai hukumar FCCPC ta gwamnatin tarayya da ke karɓar koken masu saye.

Ki fara da abu ɗaya kawai a wannan watan. Ki nemi bayanan asusunki na wata shida, ki ware odar da biro, ki ga wane irin kaya ne ya fi cin kuɗin. Nawa kayan kicin ne da na yara, su na fara cirewa, sauran suka biyo baya da kansu. In a Jos kike, ranar Asabar bayan azahar nake shiga Terminus, ki yi min magana ta akwatin sirri mu haɗu in kai ki wajen dattijon nan mai kuloli. In kuma a Abuja kike, 'yan uwa na can su taimaka su faɗa mata wuraren da suka yarda da su a kasuwar Wuse da Utako.