Allurorin allon mita na faɗuwa su tashi: ina matsalar take?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2009, 'yar Amurka, tokumbo na saye ta. Kwanan nan ta tsiro da wani hali. Ina cikin tafiya sai in ga allurorin allon mita duk sun faɗi ƙasa lokaci guda, ta gudu da ta juyin injin da ta mai da ta zafi, fitilun allon su yi walƙiya, jim kaɗan kuma komai ya dawo kamar ba a yi ba. Injin ba ya mutuwa, rediyo ma ba ta ɗaukewa. Abin ya fi tashi in na shiga gargada ko da rana tsaka, wani lokaci kuma in na ɗan bugi saman dashbod sai su dawo. Na sake batir amma ba ta daina ba, kuma duk ranar da na kai ta gareji sai ta ƙi yi. Wani mai rewaya ya ce birenbos ne, wato kwamfutar injin, wani ya ce a sake allon ɗungurungum. Ban daɗe da sa mata rediyo mai allo da na'urar bin sawu ba. Wace shawara za ka ba ni?

Mai karatu daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Birenbos ɗin da aka ambata maka shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda nake zargi, domin shi ke ba injin mai da wuta, kuma kai da bakinka ka ce injin ba ya ko tari lokacin da allurorin suke faɗuwa. Allon mitar kuwa yana iya zama shi ne mai laifin, sai dai ba a kai ga yanke masa hukunci ba tukuna.

Allurorin nan huɗu ba daga wuri ɗaya suke samun labari ba. Ta mai tana ji ne daga wani ɗan abu mai iyo a cikin tanki, ta zafi daga na'urar da ke jikin hanyar ruwan injin, ta juyin injin daga wadda ke ƙirga juyin karanshaf, ta gudu kuma daga ƙafafu ko giyabos, gwargwadon ƙirar mota. Na'urori huɗu a wurare huɗu ba za su haɗa baki su mutu a daƙiƙa ɗaya, su kuma farfaɗo tare ba. In unguwa ta yi duhu baki ɗaya, ai ba kwan fitilar ɗakinka za ka sake ba, taransifoma za a duba. Abin da allurorin suka yi tarayya a kai kaɗan ne: wutar da ke shiga allon, wayar bodi da ke mayar da wutar jikin mota, soket ɗin da ke bayan allon, sai falankin lantarkin da ke cikinsa.

Faɗuwar allurar mai tana da muhimmanci fiye da yadda kake zato. A irin motarka, labarin juyin injin da na zafi suna zuwa allon ne daga birenbos ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Ita kuwa wayar tanki kai tsaye take shiga allon. Da a ce wayoyin saƙon nan ne kaɗai ke yankewa, da yawanci allurar mai ta tsaya inda take, sauran su faɗi. Tun da har da ita ake faɗuwa, fitilu kuma na walƙiya, to allon ne gaba ɗaya ke suma.

Akwai wata shaida da kai kaɗai za ka iya kawo wa mai gyara. In abin ya sake faruwa, duba ɗan lissafin tafiyar nan da ake sharewa da maɓalli. Wuta biyu ke shiga allon, ɗaya tana nan kullum ko an zare makulli, ɗaya kuma sai an murɗa makulli. A yawancin motoci, in ta kullum ce ta yanke, lissafin yakan koma sifili. In yana nan yadda ka bar shi, an fi zargin wutar makulli ko soket. Ka kuma sa wanda ke zaune gefenka ya ɗauki allon bidiyo da waya lokacin da abin ke faruwa, kai ka riƙe sitiyari. Mai rewaya mai hankali zai fi amfana da wannan bidiyon fiye da dogon bayani, tun da motar ba ta yarda ta yi a gabansa.

In da hali, a jona sikana, wato na'urar da ke karanta bayanan kwamfutar mota, a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16, wanda Amurka ta wajabta wa motocinta tun 1996. Ko 'yar ƙaramar nan ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu ta isa. A bar ta a jone a fita gargadar da ka san motar na yi. In allurori suka faɗi amma sikana na ci gaba da nuna juyin injin da zafinsa daidai, an wanke birenbos da na'urorinsa kenan. Kada a dogara da lissafin gudu a wannan gwajin, don a Toyota da yawa saƙon gudu ta cikin allon yake bi kafin ya isa birenbos, saboda haka shi ma zai iya ɓacewa. A kuma karanta lambobin matsala da motar ta ajiye kafin a share su. U0155 na nufin an daina jin muryar allon mita, P0562 kuma wutar motar ce ta yi ƙasa. Wannan ɗabi'ar ta a jona kwamfuta a share lambobi nan take, a karɓi kuɗi a ce an wanke mata kai, ɓarnar shaida ce kawai.

Inda zan fara sa hannu kuwa shi ne wurin da aka taɓa na ƙarshe. Mai sa na'urar bin sawu yana buƙatar wuta ta kullum, da wutar makulli, da bodi, wato dai ukun nan da allon mita ke rayuwa da su, kuma wuri mafi sauƙi da zai same su shi ne ƙarƙashin sitiyari. Da yawa sai su feƙe wayar da reza, su naɗa tasu a kai, su rufe da salatif. Ranar farko lafiya lau. Bayan zafin Maris da Afrilu gam ɗin salatif ya narke, naɗin ya saki, ko kuma rezar ta riga ta yanke rabin silin wayar asali. Mai sa rediyo shi ma yakan ja tarin wayoyin don ya sami fili, ya bar wani soket bai zauna ba har ya yi ƙas. A kwance duk salatif ɗin da ba na kamfani ba, a ga abin da ke ƙarƙashinsa. A cire na'urar gaba ɗaya na 'yan kwanaki a gani. In ta tabbata ita ce, a mayar da ita da dalma, da fis nata na kanta.

Daga nan sai akwatin fis. Fis ɗin da ya ƙone ba ya dawowa, don haka ba ƙonanne ake nema ba, wanda ke rawa a mazauninsa ake nema. A murfin akwatin Toyota za ka ga sunaye irin su GAUGE, METER, ECU-B da DOME, gwargwadon ƙira. A zaro kowanne a duba ƙafafunsa. Baƙi ko narkewar roba alamar yana ɗaukar zafi ne saboda rashin kamu. Launi ke nuna ƙarfi: ruwan ƙasa amfiya 7.5, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. In ka tarar an ɗaure wani da silin waya ko takardar kwalin sigari, a cire shi a ranar, kafin ya ƙona maka mota.

Wayar bodi ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi wahalar da mutane. Alamarta ba ta ɓuya: ka kunna fitilar gaba ko sigina ka ga allurar zafi ko ta mai ta motsa, ko wata fitilar allon ta kama dishi-dishi ba dalili. Wuta ce ta rasa hanyar komawa, take ratsawa ta inda ta samu. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗora maltimita, wato mitar auna wuta, a kan ƙara, ta yi ƙiii, a ce waya lafiya. Sili ɗaya tak da ya rage a cikin waya ya isa ya sa mita ta yi ƙara, amma ba zai ɗauki lodi ba. Gwajin gaskiya sai injin na aiki, an kunna fitilu da fankar esi. A sa baƙin tsinke a kan dalmar nagatif ta batir kanta, ba a kan maƙallin ba, a sa jan a jikin injin, sannan a jikin bodi, sannan a wayar bodi ta soket ɗin allon. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke zubewa a hanya, kuma bai kamata ya wuce kamar bolt 0.2 ba. In ya haura, a kwance notin da ya ɗaure wayar, a kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam. Motar da ta taɓa zuwa wurin mai bugun bodi da fenti ta fi shiga wannan, haka wadda ruwa ya taɓa ci. Cikin tokumbon da ake sayowa daga gwanjon Amurka akwai na ambaliya. Ɗaga kafet ka duba soket na ƙasa, in ka ga kore-kore a bakin ƙarfe ka san ruwa ya kwana a wurin.

Batir da altaneta ba za su ci lokaci ba. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 in mota na kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.7. A tabbatar kawunan batir ba sa juyawa da hannu, tun da an sake shi kwanan nan. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bar kowa ya zare kan batir injin na aiki wai don a gwada caji. Dabarar zamanin motoci masu kafireto ce. A motar 2009 tana iya ƙona birenbos ɗin da a yanzu lafiyarsa ƙalau, a yi gyaran gangar Auzinawa.

Kan makulli ma kada a tsallake shi don rediyo ba ta ɗauke ba. A cikinsa akwai hanyoyi daban-daban, ta rediyo daban, ta injin daban, ta allon mita da makamantansa daban, kuma ɗaya na iya cinyewa ta bar sauran. Ba sabon abu ba ne. A 2002 Honda ta janye motoci masu yawa a Amurka, ciki har da Accord da Civic na ƙarshen shekarun 1990, saboda cinyewar ƙarafan kan makulli. Mota na tsaye tana aiki, ka ɗan jijjiga makullin a hankali kana kallon allon. In kana rataya masa tarin makullan gida da na shago, ka rage.

Haka za a bi sauran wayoyin da jijjiga, ɗaya bayan ɗaya, mutum ɗaya na taɓawa, ɗaya na kallon allurori. Gaɓa ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, in ba haka ba matsalar za ta ɓuya ba a san abin da ya ɓoye ta ba, bayan wata ɗaya ta dawo. Soket mai launin rawaya na jakar iska ne, ba a tsikararsa da tsinken mita ko fitilar gwaji. In za a ciro allon, a zare nagatif na batir a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a sa hannu.

In ka tambaye ni inda zuciyata ta fi karkata bayan aikin masu rediyo, bayan allon ne. Abubuwa biyu da ka faɗa suka kai ni can: zafin rana da bugun dashbod. Ƙafafun soket ɗin allon an kafa su ne a falanki da dalma. Mota ta wuni a rana dashbod ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, a kunna esi ya huce, shekara da shekaru ana haka ga girgizar hanya, sai dalmar ta tsage zobe siriri kewaye da ƙafar, wanda sai da gilashin ƙara girma ake gani. Zafi ya buɗe tsagar, bugu ya haɗe ta. Ford Focus ta tsakiyar shekarun 2000 ta yi suna da wannan ciwon a Turai, kuma maganinsa sake narka dalmar ne. A nan, ƙwararren mai gyaran talabijin ko wayar hannu yakan fi mai rewaya iya wannan aikin, don hannunsa ya saba da falanki. Ana iya tabbatarwa kafin a taɓa: a jona allon yana waje, a ɗan danna soket ɗin gefe da gefe, ko a hura masa iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi. Ka daina bugun dashbod ɗin dai, kowane bugu ƙara tsagar yake yi. Da allura ɗaya ce ke maƙalewa ko nuna ƙarya, da sai in ce ɗan injin da ke juya ta ne, kamar yadda aka sha gani a motocin GM irin su Silverado da Tahoe na 2003 zuwa 2006, amma naka ba haka ba ne.

Wayoyin CAN suna da gwaji mai sauƙi in ana son cire shakka. A zare batir, a auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin sikana. Ya kamata a ga kusan om 60, domin akwai resisto biyu masu om 120 a ƙarshen layin biyu, kuma a motoci da yawa ɗaya yana cikin allon mitar. In ana jijjiga soket ɗin allon lissafin ya yi tsalle zuwa 120, an kama wurin.

Sai an bi duk wannan ba a sami komai ba sannan a yi maganar sayen wani allon. Lambar da ke jikin takardar bayansa ta yi daidai da ta naka, don na mota mai giyar hannu ya bambanta da na otomatik, na Amurka mai mil ya bambanta da na Turai mai kilomita. Lissafin nisan da mota ta ci a cikin allon yake zaune, saboda haka sabon zai zo da na motar da aka ciro shi; ka rubuta naka ka ajiye saboda ranar sayarwa. Masu Golf 4 da Focus ɗin da na ambata su kula sosai, tsaron makullinsu a cikin allon yake, motar ba za ta tashi da wani ba sai an daidaita da kwamfuta. Ka kuma yi sharaɗi da mai sayarwa cewa in matsalar ba ta tafi ba zai karɓi kayansa.

Kafin a gama gyaran, ka sani duk lokacin da allon ya suma ba ka da mai gaya maka injin ya yi zafi ko baƙin mai ya daina hawa. Ka riƙa duba ruwa da baƙin mai kowace safiya, ka ɗage doguwar tafiya, musamman ta dare. In kuma ka ji ƙaurin roba, ko injin ya fara mutuwa tare da allon, ka faka ta ka zare nagatif na batir har mai gyara ya zo.